Turaren Da Ke Sa Atishawa Ɗaya

Talata, bayan azahar

Ramla! Ajiye tsintsiyar nan ki zo yanzu-yanzu, kar ki ce min sai kin wanke hannu. Ɗauko tsohon kayenki na lakwal, littafin rubutun nan na makaranta, da bik ɗin rubutu, ki zauna nan kusa da ni. Ki rubuta abin da zan faɗa tun bai tsere min ba.

Rubuta: ni Fatime, uwar mijin Ramla, yau na yi atishawa.

Kar ki yi dariya, 'yar nan, rubuta kawai. Turaren wutar nan da kika sayo a kasuwa da safe, shi na zuba a kasko. Hayaƙi ya tashi, na ji sandal, na ji ƙajiji, na ce mai wannan ta iya. Can ƙarshe sai wani abu ya ɗan sosa min hanci, na yi atishawa ɗaya tak. Na ce alhamdu lillahi. Ban rufe baki ba jikina ya yi sanyi.

Uwarmu ce ke haɗa turare haka. Takan daka ƙwayar tattasai, ɗan abin da zai maƙale a farce, ta zuba a ciki. Wai duk wanda ya shigo ɗakinta, ko gulma ce ta kawo shi, sai ya gode wa Allah sau ɗaya kafin ya fara. Mutum biyu ta koya wa, ni da ƙanwata Meram. Ni rabona da haɗa turare tun shekarar da muka gudo muka tsallako kogin Komadugu. Meram kuwa a bakin ruwan muka rabu ran nan. Na yi mata sadaka, an ci, an yi addu'a.

To wa ya haɗa wannan?

Ko dai matattu ne suka aiko a kira ni, ko kuma... a'a, kar ki rubuta ɗayan. Bar wurin fili.

Abu ɗaya: kada Maina ya ji. Mijin Meram ke nan, ki rubuta don wanda bai sani ba. Yana Assaga, idonsa ya tafi, inuwa kawai yake gani. Shi kaɗai ya ƙi cin sadakar, ya ce ba a yi wa mai rai. An taɓa ce masa an ga mai kama da ita a Toumour, ya sa aka kai shi, ya dawo a kwance, da ƙyar muka tashe shi da kunu. In aka sake ɗaga masa rai a banza, wannan karon ba zai tashi ba. Ki rantse. To, rufe kayen.

Laraba, da hantsi

Ramla na wanki, yau Mushe Usmanu ne ke riƙe da bik. Maƙwabcinmu ne, tsohon malamin lakwal da ya huta, Mushe ake ce wa malaman lakwal a nan. Bafillace ne, wato bawanmu ne mu Barebari. Rubuta haka, kar ka gyara min magana. Na ga bakin bik ɗin ya yi tsawo, na san ka ƙara naka.

Wanda bai san Mushe ba, yana da kwali cike da littattafai, gara ta ci rabi. Labaran mutanen Ingila ne na da can, zamanin wata sarauniya, lokacin keken doki, aka juya su Faransanci. Da la'asar yakan zauna gindin dogon yaro yana juya mana su da Hausa. Mutanen cikin littattafan nan ba su da aiki sai aika wa juna wasiƙa ba suna, da kashe kawunsu don gado. Sai a kira wani mai bincike, ya ɗaga takarda a haske, ya duba tawada, ya ce mai wannan bahago ne kuma daga gari kaza ya jefa ta. Ni da ƙarya nake ɗaukarsa, ina sauraro ne don in ga Bafillace na kwaikwayon tafiyar Bature.

Na gaya masa zancen turare, na ce matattu ne. Ya ce, "Ya Fatime, tunda nake ban taɓa jin matattu sun naɗe kaya a takardar lissafin ɗan lakwal ba. Kawo ƙunshin."

Ya sa madubin idonsa, ya baje takardar a tabarma kamar zai yi mata wanka. Ya ce rubutun Faransanci ne, ke nan a wannan gefen ruwan aka naɗe, ba tsallake ba. Yaron kuma ya sa kwanan wata a sama, na bara ne, ke nan ƙunshin ba tsoho ba ne. Ya nuna min wani tabo ya ce, "Hancinki ya fi nawa, Babarbara, mene ne wannan?" Na shinshina, na ce man shanu. Ramla ta taho da kumfa a hannu, ta ɗauki abin da aka ɗaure ƙunshin da shi, ta ce ai ba zare ba ne, gashin wutsiyar saniya ne aka murɗa, tana ganinsa wurin masu nono. Mushe ya kaɗa lungun takardar a tafinsa, rairayi ya zubo, fari mai laushi. Namu na bakin Komadugu laka ce baƙa.

Ya tashi tsaye, ya sa hannu a baya, ya ce, "An naɗe shi a tudu, cikin masu shanu, a garin da ke da lakwal."

Na ce, "Wato cikin danginka."

Ya ce, "Ai duk abu mai kyau, ƙarshenta wurinmu yake ƙarewa."

Na yi dariya har da tari, wallahi. Tun jiya sai yanzu numfashina ya sauka ƙasa. Amma ya ce in yi a hankali. Wai takarda ta faɗi inda aka naɗe, ba ta faɗi hannun da ya haɗa ba. Sai mun jira Talata mu tambayi mai sayarwa.

Alhamis, da safe

Ruwa ya ƙaru. An ce ya fara shiga gonakin tattasai na ƙasa. Ni ba na zuwa kallo. Kin san ba na zuwa.

Asabar, bayan la'asar

Ramla, rubuta wannan da kyau, yau ni ma na yi bincike. Mushe ya shigo, na dube shi sama da ƙasa, na ce, "Ka je bakin ruwa kallo, ka zame, ka faɗi ta hagu, kuma ka ɓoye wa matarka Fauziyya."

Ya buɗe baki. Ya ce, "Yaya aka yi?"

Na ce, "Gwiwar wandonka. Kai ka wanke lakar da kanka. Fauziyya matar kirki ce, ba ta barin irin wannan zoben a tufa."

Sai murna, har yana tafi, wai da a lakwal ne da ni ce ta farko a aji, wai shekara talatin yana koyarwa bai samu mai kai irina ba. Ya tafi yana faɗa wa mutanen layi.

Kar ki kuskura ki gaya masa ke kika gan shi ya faɗi. Zancen zoben dai nawa ne, wannan ni na gano.

Talata, da azahar

Mun je kasuwa, ni da Ramla. Mai turaren sunansa Mujahid, saurayi ne mai ladabi, yana yawon kasuwanni da tsohuwar mota. Ya ce irin wannan a N'Guelbély yake saro shi. Na damƙe hannun Ramla. Tudu, shanu, lakwal, duk yadda Mushe ya faɗa.

Na ce wace ce ke sayar maka? Tsohuwa ce, gajera, mai wushirya, mai faɗa?

Ya ce, "A'a, Iya. Yarinya ce Bafillata, Rukaiya, da goyonta."

Na ce wa ya koya mata? Ya ce ya taɓa tambaya, ta ja mayafi ta ce iyawa ce kawai. Wai can ba su son baƙo na tambayar mutanen gida, balle waɗanda suka zo musu a shekarar gudun nan.

Mushe bai ɓoye min ba. Ya ce hanya biyu ce. Ko Meram na zaune a cikin gida tana haɗawa yarinyar na kai kasuwa, ko kuwa ta koya mata, daga baya ta... Ya tsaya nan. Na ce na gane, ba sai ka ƙarasa ba.

Laraba, da safe

Yau ba abin rubutawa. Rufe.

Alhamis, da yamma

Ruwa ya shiga rumfunan Assaga na gefen gangare. Ɗana Hafiz, mijin Ramla, ya ɗauko Maina a amalanke, shi da tabarmarsa da buta. Ga shi can a zaurenmu. Mutumin da nake ɓoye wa magana, yanzu tsakanina da shi zana ɗaya.

Na tura ƙunshin turaren cikin tukunya, na kife wata a kai, na tura ƙarƙashin gado.

Yana nan yadda kika san shi. Ya tsokani Ramla wai miyarta ta Hausawa ce, ba kifi. Na ba shi goro, ya fasa, ya ci rabi, ya ƙulle rabin a bakin rawani. Har yanzu yana ajiye mata rabonta. Rubuta a hankali, bik ɗin nan ƙara yake.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

A gidan Mushe muke, don kar a ji. Ya zo da farar takarda, wai zai rubuta wasiƙa da Faransanci mai kyau a kai N'Guelbély. Na ce wa zai karanta? Meram ko alif ba ta sani ba, kamar ni. Sai an kai wa mai gari ko malamin lakwal. Takarda daga Diffa tana tambayar matar da ta tsallako a shekarar gudu, ai cewa za su yi jandarma ne, su ƙara ɓoye ta. Ko tana nan, cewa za a yi ba ta nan.

Ya cire madubi. Ya ce gaskiyata. Can ya ce a cikin littattafansa, in mai bincike na son ya fito da wanda ya ɓuya, yakan saki saƙon da kowa zai gani amma mutum ɗaya tak zai gane. Ya ce, "Akwai abin da ke da ita kaɗai kuka sani?"

Fauziyya, matso ki ji, ke ma ba ki san wannan ba.

Ran auren Meram da Maina, ni aka sa in haɗa turaren ɗakin amarya. Ina budurwar zuciya, ina son a ce nawa ya fi na uwarmu. Maimakon bakin farce, sai na zuba tattasai cikin cokali. Aka rufe ɗaki, aka shigo da ango da babbar riga, ana guɗa. Wayyo! Ba a daɗe ba sai ga Maina ya fito da gudu, hula a hannu, hawaye da majina, ya tsallake tukunyar shinkafa ya faɗa cikin awaki. Amarya na ciki tana tari tana zagina da sunan kakata. Har muka tsufa, duk ran da muka yi faɗa sai ta ce, "Ke da kika kori angona."

Mushe ya faɗi a tabarma don dariya. Da ya tashi ya goge ido ya ce, "To ga wasiƙarki nan." Ya lissafa min a yatsa. In Rukaiya ce kaɗai, za ta kunna, ta yi tari, ta tsine wa mai shi, ta zubar. In Meram na nan, za ta gane hannun.

Na ce ba ganewa kaɗai ba. Meram ba ta taɓa ganin kuskurena ta haɗiye ba. Ko a bakin kabari take sai ta aiko da zagi.

Lahadi, da hantsi

Na haɗa, a gidan Mushe. Hannuna bai manta ba, Ramla! Na narka sukari, na juya sandal, ƙamshi ya tashi, sai na ji kamar ina tsakar gidanmu na tsallake. Na zuba cokali guda cur.

Bafillacen nan ne ya ja mana. Wai mai bincike ba ya aika abin da bai gwada ba. Ya ɗebi kaɗan ya jefa a garwashi. Kaji suka watse, Fauziyya ta fita waje ba ɗankwali, shi kansa ya rungume dogon yaro yana kiran sunan uwarsa da Fillanci. Muna dariya muna kuka, sai na ga hayaƙin ya haura katanga ya nufi zaurenmu.

Na ji Maina ya yi tari. Ya sake. Can ya ɗaga murya ya ce, "Ya Fatime, wa ake wa aure?"

Na ce sauro muke kora.

Ya ce, "To."

Shi ke nan abin da ya ce. To.

Talata, da safe

Na ba Mujahid. Na ce ka ba Rukaiya, ka ce ta kai gida ta kunna gaban wadda ta fi kowa tsufa. Duk abin da aka faɗa ka kawo min yadda yake, kar ka wanke shi. Ya ce, "Iya, ba dai asiri ba ne?" Na ce gaisuwa ce irin ta gidanmu.

Juma'a, da yamma

Ruwa ya hau hanya, an ce motoci na tsaye. Tattasan Hafiz ya tafi duka, ya dawo ya zauna bai ci abinci ba. Ban iya ba shi haƙuri yadda ya kamata ba, raina na wani wuri. Allah ya mayar masa.

Maina na zaure yana jan carbinsa.

Litinin, bayan la'asar

Yanzu Mushe a zaurenmu yake karatun, don Maina. Su biyun sun ƙulle. Maina ba ya bari a kai ƙarshe, tun a tsakiya yake cewa, "Mai dafa abincin ce," ko "Ɗan'uwan ne, ba ka ji yadda ya yi saurin kuka ba?" Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya faɗi ƙasa warwas, Mushe ya yi ta rawa da littafi a ka yana cewa Babarbare bai san kome ba sai kifi.

Yau da aka gama, Maina ya juya fuska wajen da nake ya ce, "Mushe, mai binciken nan naka, in ya gano gaskiya, wa yake fara gaya wa?"

Mushe ya ce, "Mai abin."

Ya ce, "Haka ya kamata."

Na tashi na ce zan duba tukunya. Ba tukunya a wuta.

Talata, da azahar

Mujahid bai zo kasuwa ba. Wayarsa ba reso, ba ta shiga.

Laraba, da safe

In zubarwa aka yi fa? Ko ya dawo ya ce min, Iya, sun yi tari kawai? Kar ki amsa. Rubuta dai.

Asabar, da hantsi

Ramla! Bik! Mushe, shigo ka rufe ƙofar, yi magana ƙasa-ƙasa, yana zaure yana jan carbi. Rubuta, rubuta, zan faɗa a jere in na iya.

Mujahid ya zo, laka har gwiwa, a ƙafa ya ratsa inda ruwa ya yanke. Ya tsuguna yana ta sosa ƙeya. Ya ce, "Iya, saƙon ba na faɗa wa babba ba ne." Na ce faɗi ko in mare ka.

Ya ce ya ba Rukaiya, ya koma yana ɗaure kaya, sai ya ji gari ya ɗauki tari. Ya bi hayaniyar. Ya tarar da awaki sun tsinke, mata sun fito da jarirai, a tsakiyar hayaƙin kuma ga wata gajeriyar tsohuwa mai wushirya, ita kaɗai ba ta gudu ba, tana tsaye kan kasko tana zagi da Barbarci. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Ta tashi ta ci gaba da zagi. Ta kama rigarsa ta ce wa ya ba ka, ya ce wata Iya a Diffa.

Ga saƙon, rubuta shi yadda yake: "Ka ce wa Ya Fatime, ta tsufa har yau ba ta koyi auna tattasai ba. An ce min ruwa ya cinye su duka, na yanka mata akuyata mai kyau sadaka, ashe asara na yi. Ka ce mata ga turare, ta shinshina ta ga yadda mutane ke yi."

Kun ji? Kun ji bakin nan? Wa zai zage ni haka duk duniya! Mushe, daina kuka, kai ba namiji ba ne? Danginka ne suka tsince ta a hanya suka riƙe ta shekarun nan, na yafe maka bautar wata guda.

Saura ɗaya. Mujahid ya ce da zai tafi ta ja shi bayan rumbu, muryarta ta sauka, ta ce, "Wanda ya gudu daga ɗaki ran nan fa?" Yaron bai gane ba, ya ce mata bai sani ba. Ba ta iya faɗin sunan miji, ko yanzu. Tana can tana jira ba ta sani ba. Gobe Mujahid zai juya, ruwa ko ba ruwa, kuma ba shi kaɗai zai tafi ba in mai rabin goron nan ya iya zama a mota.

Koma shafin farko, Ramla, wurin da na ce ki bari fili. Cike shi: Meram na da rai.

Yanzu ku ji. Kar wadda ta yi guɗa. Kar a kira Hafiz tukuna, kar Fauziyya ta leƙa layi. Ɗebo garwashi, kawo kasko, ki zuba nata, ba nawa ba. Mushe, ka zauna ta damansa ka riƙe masa kafaɗa. In ya yi atishawa ya gode wa Allah, sai in faɗa.

Ajiye bik ɗin. Maina za a fara gaya wa.